Wane furob zan saya wa osiloskop ɗina, kuma me ya ƙona min bakin kada?

"Assalamu alaikum Malam. Ina gyaran inbata, cajar sola da talabijin a wajen Ƙofar Ƙaura, nan Katsina. Na tara kuɗi na sayi osiloskop, na'urar da ke nuna siffar sigina a allo, wanda aka taɓa amfani da shi, mai canel biyu, 100MHz, ya zo da furob guda, wato sandar awon da ake taɓa fanel da ita, mai ɗan maɓalli an rubuta 1X da 10X. Damuwata biyu ce. Na maƙala bakin kada, wato kilif ɗin da ke wutsiyar furob, a ƙafar negatif ta babban kafasita a fanel ɗin wutar wata talabijin, sai na ji fas, wutar shagon ta ɗauke, kilif ɗin ya yi baƙi ƙirin. Sannan duk sanda na duba get ɗin mosfet, wato ƙafar da ke kunna wannan taransista da kashe shi, sai in ga sigina tana rawa a kusurwowi, na canza direba, wato abin da ke tura wa get sigina, har sau biyu ba ta daina ba. Wane furob zan saya, kuma dole ne sai mai tsada?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Da farko mu gode wa Allah da abin ya tsaya a kan kilif. Ka tambayi abin da za ka saya, amma matsalolin nan biyu da ka kawo, canza furob kaɗai ba zai kore su ba, domin tushensu ɗaya ne: kana riƙe furob irin riƙon da kake yi wa wayoyin mita. Mita kuwa a hannunka take, batir ke tafiyar da ita, ba ta haɗe da komai. Furob daban yake. Da zarar bakinsa ya taɓa fanel ya zama ɗaya daga cikin kayan fanel ɗin, yana da nasa razista da nasa kafasita, kuma wutsiyarsa tana ɗaure da ƙasa ta cikin bangon shagonka. In ka kama wannan, sauran bayanin duk rassa ne.

Abin da ya faru ranar da ka ji fas

Zan fara da wannan don shi ne mai kisa. Bakin kada yana haɗe da ƙarfen kan furob ɗin da kake murɗawa a jikin skop (osiloskop ke nan), ƙarfen da ake kira BNC. Ƙarfen nan yana haɗe da gangar jikin na'urar, ita kuma tana haɗe da doguwar ƙafar fulogi, wato wayar ƙasa da masu wayarin ke ce wa at. Ke nan duk inda ka maƙala bakin kada, ka ɗauko waya ne ka haɗa wurin kai tsaye da ƙasa.

To ita negatif ɗin babban kafasita a ɓangaren farko na fanel ɗin wuta, sunanta kawai negatif, amma ba ƙasa ba ce. Wutar layi tamu 230V ce a 50Hz, ƙololuwarta kusan 325V. Tana shiga diyod huɗu da ke mayar da ita DC. A rabin kowane zagaye, ɗaya daga cikin diyod ɗin nan yana haɗa wannan negatif da wayar layif, sai ta nutse kusan 325V ƙasa da at, sau hamsin a daƙiƙa ɗaya. Kai kuma ka zo ka ɗaure ta da ƙasa. Wuta ta samu gajeriyar hanya: daga layif, ta ratsa diyod, ta bi bakin kada, ta bi rigar wayar furob, ta shiga skop, ta fita ta fulogi. Ƙarar da ka ji ke nan. Shi ya sa masu ƙera talabijin suke jan layi mai kauri a kan fanel, su rubuta wa ɓangare ɗaya mai zafi, ɗaya mai sanyi.

Kafin ka sake kunna skop ɗin, zare fulogi, ka sa mita a kan gwajin haɗuwar waya, ka auna daga ƙarfen BNC na kowane canel zuwa ƙafar at ta fulogi. Ya kamata ka ga kusan sifili. In ɗaya ya buɗe, layin ƙasa ya ƙone a ciki, kuma sai an gyara shi kafin a ci gaba da aiki. Daga nan ba zan iya yanke maka hukunci kan lafiyarsa ba, sai abin da mita ta nuna maka. Talabijin ɗin ma ka duba fiyus da diyod ɗin nan huɗu, da wuya su fita lafiya.

Na san abin da za a ce maka a kasuwa: ka karya ƙafar at, ko ka sa adafta mai ƙafa biyu, shi ke nan ba sauran ƙara. Gaskiya ne ƙarar za ta daina, amma don Allah kada ka yi. Wutar da da za ta bi ƙasa ta kashe fiyus, yanzu za ta zauna ne a kan duk wani ƙarfe da ke jikin skop, tana jiran hannu. Shekarun baya na shiga wani shago da ba a ja masa at ba tun asali, kamar shaguna da yawa a garin nan, musamman masu aiki da janareta. Wani yaro ya maƙala kilif a irin wurin da ka maƙala, babu ƙara, babu hayaƙi, sigina ta fito tsaf. Yana miƙa hannu zai saka furob na biyu, yatsansa ya taɓa ƙarfen BNC, ga shi ba takalmi a kan siminti. Sai da ta jefar da shi ya bugi benci, ya kwana biyu hannun bai saki ba. Tun ranar, duk wanda ya zo koyon aiki wurina, darasin farko shi ne ya bi wayar bakin kada da mita har zuwa fulogi, ya gani da idonsa inda take ƙarewa.

Akwai wani tarkon kusa da wannan, wanda ya shafi masu inbata irinka. Bakin kada na canel ɗaya da na canel biyu a haɗe suke a cikin skop. In ka maƙala ɗaya a negatif ɗin batir, ɗayan a sos ɗin mosfet na sama (sos ɗaya ce daga ƙafafu uku na mosfet, na sama kuma shi ne wanda ke ɓangaren fozitif a jerin mosfet biyu), ka haɗa wuraren biyu da waya ke nan, kuma batir 24V mai 200Ah ba ya jin kunyar narkar da waya. Ƙananan skop masu batir da suka cika kasuwa yanzu su ma yawancinsu haka suke: canel ɗin suna tarayya a ƙasa ɗaya, ƙarfen BNC a buɗe yake, kuma da ka jona caja ko ka haɗa shi da kwamfuta ya daina zama a ware.

Hanyoyin da suka dace uku ne, kuma ba darajarsu ɗaya ba. Mafi sauƙi, ka samu furob biyu iri ɗaya, ka cire musu bakin kada gaba ɗaya, ka ɗora ɗaya a kowane wurin da kake son aunawa, ka sa skop ya debe canel biyu daga canel ɗaya. Wannan ya isa ganin siffar wutar 50Hz da inbata ke fitarwa, matuƙar kowane furob yana iya ɗaukar ƙarfin wutar. Amma ba zai nuna maka get ɗin mosfet na sama da kyau ba, don sigina ta 12V ce a kan wata mai tsalle ɗaruruwan bolt, ƙaramar sai ta ɓace a cikin kuskuren babbar. Ta biyu, taransifoma mai raba wuta, 230V shiga 230V fita, kuma abin da ake gyarawa ake jona mata, skop ya zauna da at ɗinsa. Ka dai tuna da ka maƙala kilif ka mayar da wurin ƙasa, sauran fanel ɗin kuma yana nan da wutarsa. Ta uku ita ce ta gaskiya: furob mai auna bambanci, wanda ake kira difarenshal. Wayoyi biyu gare shi, ja da baƙa, babu wadda ke haɗe da ƙasa kai tsaye, yana auna tazarar da ke tsakaninsu ne kawai.

Maɓallin 1X da 10X

Dubi gefen inda ake saka furob a skop ɗinka, za ka ga an rubuta 1MΩ da wani adadi na pF, wato ma'aunin girman kafasita, galibi tsakanin 13 da 20. A 1X, bakin furob yana tafiya kusan kai tsaye zuwa can, don haka fanel yana ganin ohm miliyan ɗaya, tare da kafasita na wayar da na skop a haɗe, abin da ke kaiwa wajen 100pF. A 10X, akwai razista mai ohm miliyan tara a cikin hannun furob ɗin, ya haɗu da miliyan ɗayan skop ya zama goma. Sigina tana raguwa sau goma, amma nauyin da fanel ke ji ya sauko zuwa 10pF ko 15pF.

Mutane suna kallon ohm miliyan goma su ce ai wannan ba zai taɓa komai ba. A DC haka ne. Amma kafasita kamar tulu yake, duk sanda sigina ta hau sai ta cika shi, duk sanda ta sauka sai ta juye shi, kuma gwargwadon saurinta gwargwadon wahalar. 100pF a 10MHz daidai yake da ka rataya wa fanel ohm 160 kacal. 10pF ba ya kai wannan nauyin sai a 100MHz. Mai ɗanɗana miya da ɗan cokali ba ya rage tukunya, amma mai ɗanɗanawa da ludayi, kafin ya gane gishiri ya ji miyar ta tafi.

Na ga wannan ƙarara a kan wani fanel na kwantirolan famfon sola da aka kawo min daga wata gona a hanyar Daura. Mai gyaran farko ya ce ƙiristal ɗin 16MHz ya mutu, ya canza uku, duk sanda ya ɗora furob sai ya ga layi a miƙe. Na karɓi furob ɗin na duba, maɓalli yana kan 1X. Ƙiristal irin wannan yana aiki ne da ƙananan kafasita biyu na wajen 22pF, shi kuma yana jibga masa 100pF, sai ya tsaya cak. Yana ɗagawa ya ci gaba da aiki, ba mai gani. Na tura maɓallin zuwa 10X, na taɓa ƙafar fitar sigina, ga ta nan lafiya lau. Ciwon fanel ɗin yana wani wuri dabam, wani ɗan regileta ne.

Wani abin da ba a faɗa wa mai saye shi ne, 100MHz ɗin da aka rubuta a jikin furob na 10X ne kawai. A 1X yawancinsu ba sa wuce 6MHz zuwa 10MHz, kuma ƙarfin wutar da suke ɗauka ya fi ƙanƙanta. Don haka ka bar shi a 10X kullum. Ni nakan naɗe maɓallin da salatif ma, don yatsa yana ture shi ba a sani ba. Inda 1X ke da amfani shi ne sigina 'yar ƙarama marar sauri, kamar sauti, ko kaɗawar 'yan milibolt da ke kan layin 5V. Kuma kada ka manta ka gaya wa skop abin da ka zaɓa a cikin menu na canel ɗin. In furob yana 10X skop yana zaton 1X ne, 12V zai fito maka 1.2V, ka kama canza kayan da lafiyarsu ƙalau.

Saiti kafin awo

A gaban skop akwai wasu 'yan ƙarafa biyu da ke fitar da sigina mai kusurwa huɗu, galibi 1kHz. Ba ado ba ne. Maƙala furob a nan yana kan 10X, ka dubi saman siginar. In kusurwar ta yi tsini sama kamar ƙaho, ko ta lanƙwashe kamar kafaɗar da ta gaji, akwai ɗan rami a jikin furob, ko a hannu ko kusa da BNC, da ɗan sukuru a ciki. Juya shi a hankali da sukundireban roba har saman ya kwanta sumul. Abin da kake yi shi ne daidaita ƙaramin kafasitan furob da na skop, don rabon goma da ɗaya ya tsaya daidai a kowane sauri. In ba ka yi ba, DC zai fito daidai, amma sigina mai sauri za ta fito ta fi girmanta ko ta gaza. A sake yi duk sanda aka mayar da furob wani canel ko wani skop. Ba ya cin minti ɗaya.

Rawar da kake gani a get

Ina kyautata zaton direbobin nan biyu da ka cire ba su da laifi. Wayar bakin kada tsawonta wajen santimita 15 ne, kuma kowace waya tana da ɗabi'ar kwail, kusan 1nH (ma'aunin kwail ke nan) a kowace milimita. Ke nan 150nH, ga kuma 10pF na bakin furob. Kwail da kafasita in sun haɗu, da ka buge su sai su yi ta kaɗawa kamar ƙararrawa, waɗannan biyun a wajen 130MHz. Kusurwar siginar get, mai hawa cikin 'yan nanosakan, ita ce bugun. Ƙari a kan haka, zoben da wayar ta yi tsakanin kilif da bakin furob eriya ce, kuma a cikin inbata tana zaune ne kusa da taransifoma da wayoyin da ke ɗauke da amfiya masu yawa suna yankewa dubban sau a daƙiƙa. Duk abin da ta tsinta za ta kawo maka shi a allo kamar daga get ya fito.

Ga yadda za ka raba gaskiya da ƙarya. Maƙala kilif a inda ka saba, sannan ka taɓa bakin furob a daidai wurin da kilif ɗin yake, inbata tana aiki. Ya kamata ka ga layi a kwance. In ka ga tsini suna tashi, furob ɗinka ne ke tsinto su. Sai ka zare hular furob mai ƙugiya, ka cire wayar kilif gaba ɗaya. Za ka ga zoben ƙarfe a bayan tsinin, wannan shi ne ƙasar furob. A cikin ledar sabon furob akwai ɗan sifirin da ake sakawa a nan, wanda yawancin mutane ke zubarwa. In babu, naɗa 'yar wayar tagulla marar riga sau huɗu ko biyar a zoben, ka bar ƙafa kamar santimita ɗaya. Ɗora tsinin a get, ƙafar sifirin a sos na wannan mosfet ɗin, na ƙasa nake nufi, kuma bayan ka tabbatar sos ɗin wuri ne da ya halatta a haɗa da at. Sau da yawa za ka ga rawar ta faɗi ƙwarai. Abin da ya rage bayan wannan shi ne na gaske, shi za ka bi ta razistan get da tsawon layin da ke tsakanin direba da mosfet. Ka kashe wuta kafin ka saita hannunka, don sifirin yana zamewa, kuma ƙafafun mosfet kusa suke da juna.

To me za ka saya?

Ga aikinka, tambayar farko ita ce bolt nawa, ta biyu ina ƙasa take, sauri shi ne na uku. Masu sayarwa suna juya wannan tsarin don MHz ne ke sayar da kaya.

Ka fara da furob biyu na 10X iri ɗaya, masu 100MHz ko sama kaɗan. Wanda ya ƙone ɗin nan ka ajiye shi, rigar wayarsa ta ɗauki wutar da ba a yi ta dominta ba. Ba sai masu tsada ba. Skop mai 100MHz yana ganin hawan da ya kai nanosakan 3.5, ana samun wannan ne in an raba 0.35 da adadin saurin, kuma a daidai 100MHz ɗin sigina tana fitowa kashi 70 cikin ɗari na girmanta ne. Shi ya sa ake son na'ura ta ninka siginar da ake aunawa kamar sau biyar. Inbata mai fanel ɗin EGS002 tana yanka wuta a wajen 23kHz, cajoji da fanel ɗin talabijin daga gomman kHz zuwa 'yan ɗaruruwan kHz, ka ga kana da fili mai yawa. Furob mai 500MHz a kan skop ɗinka asarar kuɗi ce. Abin da za ka duba a takardar furob ɗin da za ka saya shi ne iyakar pF da yake iya saituwa a kai, ta haɗa da adadin da ke rubuce a gaban skop ɗinka.

Sai maganar ƙarfin wuta. Furob na 10X da yawa iyakarsu 300V zuwa 400V ne, kuma wannan adadin yana raguwa in sauri ya ƙaru, akwai zanen da ke nuna haka a takardar kowane furob na kirki. Diren, wato ƙafa ta uku ta mosfet bayan get da sos, a fanel ɗin wutar talabijin yana hawa 500V zuwa 600V da tsininsa, dalilin da ya sa ake saka masu 600V ko 650V a wurin ke nan. Wasu inbatocin sola suna karɓar 450V ko 500V daga faranti. Ko ba a gwada ba, linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. A nan ake buƙatar 100X, wanda galibi yake ɗaukar 1500V zuwa 2000V. Amma ka riƙe abu biyu: shi ma bakin kadansa a ƙasa yake ɗaure, bai warware matsalarka ta farko ba. Kuma kada ka sa canel a AC kana kan babbar wutar DC, domin a skop da yawa kafasitan da ke tare DC a ciki shi zai ɗauki dukkan wutar, ragin furob bai shafe shi ba.

Saboda haka in kuɗinka na abu ɗaya ne bayan furob biyun nan, ni difarenshal zan ce ka tara wa, ka tsallake 100X. Akwai masu ɗaukar 1300V da ake kunnawa da USB, masu ragin 50X da 500X, kuma ko mai 25MHz ya ishe ka. Shi ne zai ba ka damar ganin get ɗin mosfet na sama, da wutar da inbata ke fitarwa, da ɓangaren zafi na talabijin, duk ba tare da ka taɓa at ba. Duba alamar CAT a jikinsa, CAT II na kayan da ake jonawa a soket ne, CAT III na allon rarraba wuta. Furob na auna amfiya, mai kama waya kamar hantsaki, yana da daɗin aiki a inbata, amma zai iya jira. Masu aiki a ɗaruruwan MHz zuwa sama suna da nasu furob masu amfilifaya a baki, wannan wani fage ne da shawarata ba ta shafa ba.

In ka je saye, ko a nan ko a Kano, tafi da mitarka. A 10X, daga tsini zuwa tsakiyar BNC ka ga kusan ohm miliyan tara. A 1X za ka ga daga ɗari zuwa 'yan ɗaruruwan ohm, kada ka ce ya lalace, haka aka yi shi: wayar tsakiya siririya ce kamar gashi, an yi ta da ƙarfe mai turjiya da gangan don ta kashe amsa-kuwwar sigina a cikin wayar. Wannan ne ya sa in ta tsinke ba a maye ta da wayar eriyar talabijin, kuma ba a naɗe ta tamau a jikin hannu ko a bar ƙafar kujera ta taka ta. Lanƙwasa wayar a wuyanta ta kowane gefe kana kallon mita, in adadin yana tsalle, ajiye musu kayansu. Da hunturu kuma ƙura tana shiga ɗan maɓallin nan har sigina ta riƙa yankewa, sai ka rataye su a ƙusa tsini yana kallon ƙasa, ka rufa musu leda in za ka tashi.